Lallen Jajibirin Zaɓe

Da aka cire wa Rokiah yanar ido, abin da ta fara ganowa shi ne ashe yayanta Haji Sudin rina gashin baki yake yi. A bakin teburina ta ba ni labarin, tana dariya har da riƙe ciki, ni kuma ina juya ayaba a cikin mai. Ni ce Yam mai soyayyar ayaba a mararrabar ƙauyenmu, kuma bishiyar mangwaro ɗaya ce ta raba gidana da nasu. Abin da aka faɗa da ƙarfi a gidan a kunnena yake sauka. Wanda aka faɗa a hankali kuma Rokiah ke kawo mini shi da safe.

Ita ce autar ɗakinsu, shi ya sa babba da yaro Mak Su suke ce mata, wato goggo auta. Ba ta taɓa aure ba. Ta haura sittin tana kwana a ɗan ɗakin da ke bayan kicin ɗin yayanta. Ita ce girki, ita ce wanki, ita ta raini 'ya'yansa kaf, da idon da ba ya raba gishiri da sukari sai ta ɗanɗana. Haji kan faɗa wa baƙi cewa saboda Allah yake riƙe da ita. Ni dai ban taɓa ganin wanda ake riƙewa saboda Allah yana riga zakara tashi don ya kankare kwakwa ba, amma ba wanda ya tambaye ni.

Haji shi ne shugaban jam'iyyar fitila a ƙauyen. Abin alfaharinsa a duniya, in ka cire motarsa, shi ne akwatin tsofaffi. A makarantar firamaren da muke zaɓe, tsofaffi ajinsu daban, akwatinsu daban, kuma daban ake ƙirga shi. Tun da Haji ya hau kujerar nan ba a taɓa tsintar ƙuri'ar 'yan adawa, masu alamar kwakwa, ko ɗaya a cikin akwatin ba. Samari su yi haukansu a nasu akwatunan, bai dame shi ba. Amma na tsofaffi, duk bayan zaɓe sai manyan jam'iyya sun kira sunansa a taro an tafa masa, ya dawo gida yana hura hanci har wata ya ƙare.

Rokiah ta sha yin zaɓe, amma hannunta bai taɓa riƙe takardar ƙuri'a ba. An ce mai lalurar ido ya zo da wanda ya amince da shi ya yi masa alama. Haji ne yake kai ta, ya kama hannunta a tsoma manuniyarta ta hagu cikin kwalbar tawada, ya karɓi takardar, ya zana alamar, ya ninke, ya jefa. Nata dai yatsa ne kawai. Ko ta amince da shi, wannan ba a taɓa tambayarta ba.

To, bana aka sa zaɓe ranar Asabar, kuma dama an riga an tsayar da bikin Norlia, autar Haji, ranar Lahadi. Ana cikin wannan hada-hada, wata rana da azahar Rokiah tana zuba masa miyar kifi a kan shinkafa, sai ta ce bana ba sai ta wahalar da shi ba, da hannunta za ta yi zaɓenta. Daga ƙarƙashin mangwaro na ji tarin Haji, ƙaya ta sarƙe shi.

"Wa za ki zaɓa?" in ji shi, bayan an ba shi ruwa.

"Abang, ai an ce sirri ne," in ji ta. Abang muke ce wa babban wa.

"Sirri tsakanina da ke? A cikin gidana?"

Ta ƙara masa miya. Ku sani, Rokiah ba ta taɓa cewa masu kwakwa za ta zaɓa ba. Ni da nake ƙawarta na bi ta da dabara, na bi ta da ayaba kyauta, ba ta faɗa mini ba. Wataƙila ma fitilar take so. Abin da ta ce kawai shi ne tana so ta ga takardar da idonta, ta riƙe fensir ɗin, ta ji yadda ake ji. Wannan rashin sanin shi ya hana Haji barci.

Da katin shaidarta aka fara. Tun rasuwar mahaifiyarsu yake kulle a aljihun teburin Haji, wai don kada ya ɓata. Da ta nema, aka ce mukulli ya ɓace. Da aka ga mukullin, aka ce damina ta kumbura katakon, aljihun ya ƙi jawuwa. Sai Allah ya kawo ranar komawarta asibiti, inda ba a duba mutum sai da kati. Nan take katako ya saki. Matar Haji, Hajah Munah, ita ta raka ta, katin yana cikin jakarta. Da ma'aikaciyar asibitin ta gama dubawa sai ta miƙa wa wadda hotonta ke jikinsa, ita kuwa Rokiah ta ɗaga mayafi ta cusa shi cikin rigar nono. Hajah ta miƙo hannu tana murmushin yaƙe.

"Kak Munah, yana nan inda na sa shi," in ji Rokiah, da Kak ɗin da muke girmama yaya mace da shi. "In kina so ki sa hannu ki ɗauka."

A tsakiyar ɗakin jira aka yi wannan, maza cike da benci. Hajah ta mayar da hannunta. Tun daga ranar, ko wanka Rokiah za ta shiga sai ta ƙulle katin a leda ta rataya a wuya.

Sai tabarau. Likita ya ba ta na karatu, tana ji da shi kamar jariri. Haji, mutumin da ba ya zama a kujera sai ya kaɗe ta da hankici, shi ne ya zauna a kansa da dukkan nauyinsa. Ya ce ƙaddara ce, kuma bayan biki zai sa a yanka mata wani. Na shiga ɗaki na ɗauko mata na marigayi mijina. Ya yi mata faɗi, muka ɗaure shi da robar da nake ƙulle leda.

Da wannan tabarau take zama a bencina in ta samu sararin fitowa. Sai ta ɗauki tsohuwar jaridar da nake naɗe ayaba, ta zana ɗan akwati a gefe, ta yi ta koyon gicciya layi biyu a ciki. Ta ji an ce in layin ya fita waje ƙuri'ar ta lalace. Harshe a waje, goshi a tattare, mace mai furfura. Mutanen ƙauyen nan sun ci ayaba da yawa a naɗe cikin ƙuri'un Rokiah ba su sani ba.

Da fasa tabarau bai yi ba, aka shirya tura ta birni ta taya babbar 'yar Haji rainon jariri har a gama zaɓe. An ma nemo tikitin mota, sai wani ya tuna cewa in ta tafi babu mai dafa rendang na biki, naman nan da ake daɗe ana juyawa cikin madarar kwakwa da yaji. Aka fasa. Aka gayyato limamin unguwa ya yi mata nasiha a kan biyayya ga babban wa. Ya ci faranti biyu na shinkafar kwakwa da ita ta dafa, ya ce magana ce mai buƙatar bincike, ya yi addu'a ya tafi da ƙunshin kifi.

Daga nan wasa ya ƙare. Gidan ya daina yi mata magana sai in aiki za a sa ta. Jikokin da ta goya suka koyi kiranta Mak Su Kwakwa, iyayensu suna ji suna kallon silin. A karatun mata na masallaci, in ta zauna sai ta ga tabarmar gefenta ta yi fili. Maganin da take ɗigawa a ido ya ƙare, aka ce kowa yana fama da biki, babu mai zuwa gari. Likita ya hana ta hayaƙi, amma aka kafa murhun itace a bayan gida aka tsayar da ita a kan manyan tukwane daga safe har yamma. Idon ya yi jajir, yana ta ruwa. Ta rame, zanenta sai ta ninka shi sau biyu. Na ce mata, Kiah, ki bar musu abin nan, ƙuri'a ce ba Aljanna ba. Ta ce ta sani, amma ta riga ta ce za ta yi.

Ranar Alhamis kuma sai gidan ya juye. Ni da na girma a ƙauyen nan na san in Hajah Munah ta fara fara'a to mutum ya duba aljihunsa, amma Rokiah yunwar fara'ar take ji. Aka kawo mata sabon ɗinki, ankon dangi, ruwan hoda mai aikin zare a wuya. An aurar da 'ya'yan gidan nan ɗaya bayan ɗaya, ba a taɓa sa ta cikin anko ba, tunda mai tsayuwa a bakin murhu ba ta buƙatarsa. Haji da kansa ya sayo maganin idon. Ya ce ya yi tunani, ta girma, ta yi abin da ta ga dama.

Juma'a bayan an sauko masallaci aka zauna sa wa amarya lalle. Irin na tsomawa ake yayi yanzu, a dama shi a kofi, mace ta tsoma kan yatsunta ta jira ya kama. Rokiah tana bayan gida tana juya nama, sai ga Norlia ta zo da kanta ta kama hannunta.

"Mak Su, ke kika raine ni. Wallahi ba zan sa ba sai kin sa."

Aka zaunar da ita a tsakiyar falo kan kilishi, kusa da amarya. Hajah ta fito daga ɗaki da wani kofi daban, ta ce wannan na musamman ne, don hannun da ya sha wanki ba ya kama lalle da wuri. Matar da ba a taɓa yi mata lallen aure ba, ga mata sun kewaye ta suna waƙa suna tsokanarta wai saura ango. Ta tsoma yatsunta goma, ɗaya bayan ɗaya, har gaɓar farko. Ta ce mini hawaye ne suka yi ta zubo mata, kuma ba na hayaƙi ba.

Da la'asar ta taho wurina hannuwa a sama, bakinta har kunne. Ina ganin yatsun na san an yi ta'asa. Lalle ja ne, kowa ya sani. Wannan kuwa baƙi ne mai ratsin shuɗi, launin da yatsan kowa yake komawa in tawadar zaɓe ta kwana. Ina cikin kallonsu sai ga matan gidan sun zo wucewa za su gidan ango da kwanuka. Na bi hannuwansu da ido. Kowace yatsu tara ne jajaye. Manuniyar hagu fes take, wata ma ba ta cire filastar da ta naɗe ta da ita ba.

Na nuna mata. Ta ce to mene ne, ai sai a tsoma tawadar a kai. Ba ta san ana duba yatsa kafin a ba mutum takarda ba. Ina za ta sani? Duk shekarun nan da Haji yake riƙe da hannunta, babu ma'aikacin da ya taɓa ɗaga kai ya duba. Da na yi mata bayani, ta dubi hannuwanta. Sannan ta tambaye ni ko ina da lemon tsami.

Muka yi lemon tsami, muka yi toka, muka yi kananzir, muka yi ruwan bilicin da nake wanke tsumma. Har aka kira magariba abin ko gezau. Daga baya na ji rinin gashi aka zuba a ciki, da shuɗin maganin da ake shafa wa kaji a ciwo. Na dai san gidan da ba a rasa rinin gashi.

Asabar da safe na goya ta a babur. Ta sa tabarau, kati a hannu, ta ƙi karyawa don kada layi ya yi tsawo. Na raka ta har ƙofar ajin tsofaffi na tsaya ta taga. Mai duba yatsu Malam Razali ne, malamin lissafi, wanda matarsa 'yar ƙanwar Hajah Munah ce. Ya kama hannun ya juya shi, ya saci kallon wakilin fitila da ke zaune a gefe, ya ce wannan yatsan ya riga ya yi zaɓe.

"Lalle ne, Razali. Biki muke yi, kai ma an gayyace ka."

"Lalle ja ne, Mak Su."

"To duba sunana, ai ba a soke shi ba."

Ya yarda ba a soke ba. Amma ya ce wa ya sani ko ta yi a wani wuri da sunan wata. Matar da ko kasuwar gari sai an raka ta, ita ce ta zagaya mazaɓu kafin hantsi. Ta nuna masa sauran yatsun tara, duk launi ɗaya. Ya ce ai masu maguɗi haka suke yi don su ɓatar da sawu. Aka kira shugaban rumfar zaɓen, baƙo ne daga wani gari, ga zafi ga layi. Ya ce shi ba masanin lalle ba ne, ta je ta wanke, in ya fita ta dawo kafin a rufe.

Ta koma gida, ba ta shiga ta ƙofar gaba ba. Ta zauna a bakin rijiya da dutsen goge kaushi. Na riƙe mata hannu na ce ya isa, ta fizge. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta goge yatsan nan har fata ta saɓule, jini yana bin gwiwar hannunta, farcen kuma yana nan baƙi ƙirin. A cikin gida ana ta gwada lasifikar biki. Hajah ta leƙo ta taga sau ɗaya ta tambaya ko an jiƙa shinkafar gobe.

Da rana ta karkata muka koma. Malam Razali ya dubi yatsan ya kawar da kai. Ya ce a horon da aka ba su, abin da aka fi ja musu kunne a kai shi ne wanda ya kankare yatsa don ya sake zaɓe. Da safe an hana ta don akwai launi, da yamma an hana ta don ta cire shi. Ta tsaya nan bakin teburin, takardun ƙuri'a a jere gabanta. Ta gyara tabarau ta sunkuya ta ƙare musu kallo, har ɗan sanda ya zo ya ce Mak Su a ba wasu wuri. Muna zaune a kan dakalin makarantar aka ja ƙofa aka rufe.

Akwatin tsofaffi ya fito tas, fitila zalla.

Kowa kuma da hujjarsa, kuma duk na ji su, don a bakin teburina ake baje su. Hajah ta ce ita karramawa ta yi, daga shago ta sayo lallen, in an cuce ta a shago laifinta ne? Da na tambaye ta filastar da sauran mata suka naɗa, ta ce ai kowa ya san wannan, ba ta zaci sai an faɗa wa babbar mace ba. Norlia ta ce ita roƙo kawai aka ce ta yi, ta ma fara kuka, mai kwalliya ta ce ta bari kada ido ya kumbura. Malam Razali ya ce doka ya bi. Haji kuwa cewa ya yi Allah bai nufa ba, kuma don Allah ƙuri'a ɗaya me za ta canja. Mutumin da ya bar gonarsa da barcinsa ya yi makonni yana farautar ƙuri'a ɗayan nan, shi ne mai wannan tambaya.

Lahadi aka yi biki, kuma ban taɓa cin rendang mai daɗin na ranar ba, da hannu ɗaya ta ƙarasa shi. Ana tsakiyar cin abinci sai ga ɗan majalisar da ya ci zaɓe da jerin motoci. Mai hotonsa ya ce dangi su jeru, kowa ya ɗaga yatsansa na tawada. Aka jeru cikin anko. Sai ya ce hoton yana son tsohuwa a tsakiya. Haji bai ko ƙifta ido ba, ya aika a kira Mak Su daga kicin. Aka warware tsumman da ta ɗaure ciwon, aka gyara mata mayafi, aka tsayar da ita kafaɗa da kafaɗa da ɗan majalisa. Ya dubi yatsan ya yi dariya, ya ce ga wadda tawadarta ta fi ta kowa kamawa, ita har ƙasan kwalbar ta kai. Aka tafa. Na zuba mata ido daga inda nake, ina jiran ta buɗe baki. Ta ɗaga yatsan.

Bayan mako ɗaya aka kawo hoton an buga shi a ƙaton ƙyalle, aka ɗaure a mararraba, daidai saman teburina. Rokiah ce a tsakiya, ta fi ƙofar gida tsawo, yatsa a sama. A ƙasa an rubuta godiya ga iyayenmu tsofaffi da suka fito suka sauke nauyin da ke kansu. Masu wucewa a mota har tsayawa suke yi su ce kai, wannan baba ta burge.

Da ta zo sayen ayabar karin kumallon Haji, na kasa haƙuri. Raina a ɓace yake, kuma a kanta na sauke. Na ce Kiah, duk ƙauyen nan yana wurin, ga ɗan majalisa, ga lasifika a kusa da ke. Kalma ɗaya za ki faɗa. Me ya sa kika ɗaga?

Ta ɗaga kai ta dubi kanta a jikin ƙyallen. Sannan ta dube ni.

"Yam, in ban ɗaga ba, a ɗakinki zan kwana?"

Ɗakina ɗaya ne, da ni da 'yata da jikoki uku. Ta zaro tabarau ɗin mijina daga cikin mayafi ta ajiye mini a gefen tire, ta ce ta gode, ta gama da shi. Ta ɗauki ledar ta tsallaka titi da sauri, don Haji ba ya cin ayaba in ta huce.